Na Ƙetare Kogin Bayan Shekara Arba'in da Huɗu

Marlow Ferry, Kentucky
9 ga Afrilu, 2023

Zuwa ga ƙanwata Lorene,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mijinki Purvis da yara da jikoki. Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, ya kuma tsare ku da zafin Arizona. Mu nan ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara kore. Jikina dai sai godiya: gwiwa tana ƙara, hannu yana rawa kamar yadda rubutun zai nuna miki, amma ina cin wakena da gurasar masara, ina kai kaina coci. Gidan ne ya yi mini girma tun da matata Verna ta rasu. Daga ni sai kyanwa, ita kuwa ba ta amsa hira.

Ki zauna kafin ki ci gaba, domin na ƙetare kogi. Ni Orville, da ƙafata, na shiga Ohio.

Kin tuna bikin amfanin gona na 1979, da na kai kabewata gasa a wancan ƙetaren, alƙalin gasar ya ba surukinsa lamba ta ɗaya, ni kuma na sha na yi tatil, na ɗauki kabewa na rotsa wa alƙalin a ƙirji. Aka aiko mini da sammaci, tsoro ya hana ni zuwa kotu, aka fitar da takardar kamu da sunana. Tun daga ranar ban sake hawa gada ba. A lissafina, takardar Ohio ce, iyakarta ruwa. Ban damu sosai ba, tun da Yaya Elwood yakan tuƙo motarsa kowace Lahadi ya zo mu ci abinci tare. To, kin san tun faɗuwar da ya yi a watan Janairu yana gidan kula da tsofaffi a can, ba ya iya tsayuwa. Makon jiya ya bugo waya ya ce wai likita ya ce zuciyarsa ta gaji, yana so ya ga munin fuskata kafin ya tafi. Na ajiye waya na kasa cin abinci.

Washegari na kai maganar shagon kofi, teburinmu na tsofaffi. Dewey, wanda ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota, ya ce in dai ina wannan gefen ba mai taɓa ni, wai takarda ba ta iya iyo, amma da na taka can sai ankwa. Hollis, tsohon ɗan sandan nan mai sanƙo, ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. Ya ce da Dewey ya rufe baki, shi da bai san dokar komai ba sai ta gudun mota. Ya ce takardar kamu ba ta mutuwa don ta tsufa, kuma ba ruwanta da gada: in an sa ta a kwamfuta, ɗan sandan kowace jiha yana iya ganinta. In laifin babba ne, har Alaska za su bi mutum su dawo da shi. In ƙarami ne, sau da yawa ƙyuya ce kawai take hana su ɓata man mota. Ya dube ni ya ce, wato kogin da nake ta yi wa godiya shekara arba'in bai taɓa tsare ni ba, kawai dai ba wanda yake son tsohon ɓarawon kabewa. Na ce ban saci kabewa ba, tawa ce. Ya ce in adana wannan jawabi ga alƙali. Shawararsa ita ce in kai kaina, domin kotu ta fi tausayin wanda ya zo da ƙafarsa.

Lorene, na yi shiri irin na mai tafiya kurkuku. Na sa kwat ɗin da na sa ranar binne Verna. Na zuba magungunana na wata guda a jaka, da Littafi Mai Tsarki, da safa uku, da kofin haƙorana. Na kai kyanwa wurin maƙwabciyata, na rubuta mata lokutan cin abincinta. Tunanina shi ne, in sun rufe ni, wataƙila su bar ni in ga Yaya ko na minti goma a kan hanya. Hollis ne ya tuƙa ni. Da muka kai tsakiyar gada ya ce in riƙe numfashi, yanzu jiniya za ta tashi. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ba abin da ya tashi sai wani tsuntsu.

A kotu na tsaya gaban magatakarda, wata mata mai gilashi, na miƙa hannuwana biyu na ce na zo a kama ni. Ta ce in sauke hannuna tukuna, Kaka, in faɗi sunana. Ta duba kwamfuta ba ta ga komai ba. Na ce ta sake dubawa, ni mai laifi ne na gaske, ba zan yarda a raina ni ba. Ta sauka ɗakin ajiya, ta fi rabin awa, ta dawo da wani tsohon fayil tana ƙunshe dariya. An kashe ƙarar tun watan Maris na 1980. Mutumin da na jefa ya janye, ya rubuta cewa matata ta je har gidansa ta ba shi haƙuri da kek ɗin kabewa. Kotu ta aiko mini da sanarwa gida, kuma ga sa hannun wanda ya karɓa. Verna Teague, da wannan rubutun nata mai lanƙwasa. Na daɗe ina kallonsa, har matar ta kawo mini kujera.

Daga nan muka wuce wurin Yaya Elwood. Ya rame ƙwarai, amma idonsa yana nan da shaƙiyancinsa. Ya ga kwat, ya ga jaka, ya yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ya ce ya sani tun farko. Wai Verna ta rantsar da shi kada ya faɗa, domin garinmu ba a sayar da giya a lokacin, duk mashayar tana wancan ƙetaren, kuma takardar nan ta yi abin da fasto uku suka kasa, wato raba ni da giya. Na ce to bayan ta rasu fa, me ya hana shi magana? Ya ce alkawari ba ya mutuwa don mai shi ya mutu, kuma yana so ya gani ko ƙaninsa matsoraci zai yarda ya shiga kurkuku saboda shi. Ya riƙe hannuna ya ce yanzu ya gani. Muka zauna har yamma muna cin soyayyiyar tarwaɗa da Hollis ya sato mana ta bayan idon likita.

Jiya na je kabarin Verna da niyyar yi mata faɗa. Na tsaya, na cire hula, na tuna gidan da muka gina da 'ya'yan da suka tashi ba su taɓa ganin ubansu a buge ba. Sai na ce mata na gode, amma kek ɗin nan da kabewata aka yi shi, ya kamata a ɗanɗana mini.

Daga yanzu kowace Lahadi ni ne mai ƙetarewa. Ki rubuto wa Yaya, ya fi son takarda a kan waya. Ki gaishe mini da Purvis, da Darlene da mijinta, da ƙaramin Tobias, ki ce kakansa na Kentucky bai shiga gidan yari ba. Abu ɗaya ya rage. Yaya ya ce ke kika raka Verna kai kek ɗin nan, kuma ke kika riƙe faranti. Ina jiran bayani, da rubutu mai girma, domin idona ya yi rauni.

Yayanki mai ƙaunarki, wanda doka ba ta nema,
Orville