Tun Ɗazu Hannuna Yana Kai

Kwandiko, Asabar

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Hapsatu? Wayata ta faɗa rijiya, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Baba ya miƙe, wallahi! Mutumin da ya shekara bayansa ya hana shi sakat, yau shi ke zagaya gida. Wurin da likitocin Kano suka huda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. 'Yan dubiya sai su leƙa su ce, “Wannan ai ba tiyata ba ce, allura ce.” Jiya suka matsa masa ya ja su sallah, ya ja, da ruku'u da sujada. Yau ma ya hau babur zuwa suna a Sundimina.

Ƙanwarka,
Lailatu

Birnin Kudu, Lahadi

Lailatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, amma takardarki ta tayar min da hankali. Babur? Kwana takwas da aiki? Haba!

Ƙofar ce ƙarama, aikin da aka yi a ciki babba ne, dab da jijiyar ƙafafu. Amfaninsa ba a yanka nama da yawa, mutum ya tashi da wuri, ba wai ya warke ba. Likita ya ce mako shida babu sunkuyo. Ya kuma ce in ƙafa ta yi nauyi, ko fitsari ya fara kufce masa, a dawo da shi a ranar, ba washegari ba. Ki tambaye shi yau.

Ki gaishe shi.
Iliyasu

Kwandiko, Alhamis

Yaya,

Salama da gaisuwa. Kai ma dai da wata magana! Da wane bakin zan tambayi mahaifina zancen fitsari? Da Inna na raye, da ita za ta yi. Kwana huɗu ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina juyowa.

Amma ina jin tsoro. Tun Litinin ya bar wa na'ibinsa Malam Salihu limanci, bai faɗi dalili ba. Ya hana ni wankinsa. Shi ke wanke wandonsa, sau uku a yini, ya shanya a cikin ɗaki. Jiya takalminsa ya cire a tsakar gida, ya ci gaba da tafiya bai sani ba.

Ko dai gajiya ce?

Lailatu

Kwandiko, Juma'a

Yaya,

Salam. Kada ka tsaya rubuto amsa. Ka zo da mota da maza biyu masu ƙarfi.

Da safe na cire kunya na tambaye shi. Ya juya fuska bango. Can ya ce, “Lailatu, taɓa min ƙafar nan in ji.”

Yaya, tun ɗazu hannuna yana kai.

Allah ya kawo ka lafiya.
Lailatu