Goran Irin Tumatirinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Warra muna lafiya, jikokinki sun yi tsawo, ruwan tafki ya fara cikowa. Yau shekara uku ke nan da kika bar mu, tun shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi. Magana ce ke cin raina, kuma ke kaɗai ce za ki iya raba gardamar, ga shi ba kya nan.

Maganar goran iri ce.

Kin san wanda nake nufi, ɗan goran nan da ke rataye a madafa inda hayaƙi ke dukansa. Irin tumatirin da kika ƙullo a bakin zane daga tsohon garinku ranar da aka tashe ku saboda ruwa. Mai layi-layi a jiki kamar 'yar kabewa, mai kaurin fata, mai ɗan tsami. Ban taɓa ganin irinsa a kasuwar Warra ko ta Yelwa ba. Garinku yana ƙarƙashin tafki, abin da ya rage mana daga can shi ne abin da ke cikin goran nan.

A kakarki ta ƙarshe ni na riƙe miki shi kina zuba iri da toka, ya cika har wuya. Bayan sadakar arba'in na sauko da shi, na ji shi sakayau. Na zazzage a faifai. Rabi ne, Inna. Rabi cif.

Na zauna na lissafa waɗanda suka shiga madafar a kwanakin zaman makoki. Lissafin bai yi tsawo ba. Gwaggo Laraba, aminiyarki ta bayan danga, ita ta riƙe girki tun daga ranar farko har aka watse. Daga nan na sa mata ido.

Ba zan ɓoye miki nawa laifin ba. Na san ƙa'idarki: iri kashi uku ake yi. Na farko idan damina ta ɗauke, na biyu cikin sanyi, na uku a ƙarƙashin rumfar zana, a rufe gindinsa da ƙaiƙayin shinkafa, a riƙa ba shi ruwan wankin kifi, shi ne zai kai mutum har bazara. Kullum kina cewa, "Kada ki ba ƙasa duk abin da ke hannunki rana ɗaya, Rabi." Ni kuwa haushi ya cika ni, na ce rabin gora me za a raba a ciki? Na watsa shi duka a fage ɗaya. Kwana tara da tsirowa, wani ruwan sama da babu wanda ya zata ya sauko ya wanke fagen tas, ya kai shi kwata. Ko tsinke ɗaya ban tsira da shi ba. Na yi kuka ranar kamar an sake yi mini rasuwa.

To, sai ga bazara. Tumatir ya ƙare a kasuwa, kowa ya koma kauɗa, busasshen tumatir. Ina shanya a bayan ɗaki na leƙa ta saman danga, me zan gani? Rumfar zana a gidan Gwaggo Laraba. Ƙaiƙayin shinkafa a gindi. Tumatir ja wur, mai layi-layi.

Abin da ya ƙara tunzura ni, ta riƙa kawo mini shi a kwano, wai in yi wa yara miya. Amma kowane ɗaya an tsaga shi, an matse 'ya'yan cikinsa tas. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa mantawa ba, don na bincika, har da tsinken tsintsiya na tona. Ki gaya mini, Inna, wane mai gaskiya ne ke kyauta haka? Na ce a raina ta sace, kuma tana tsoron kada ya dawo gidansu.

Shekara biyu ina gaishe ta da baki, zuciyata na harararta. In ta ce, "Rabi, ba ki shuka bana?" sai in ji kamar ba'a take yi mini. In ta yi shiru, in ce rashin gaskiya ne ya rufe mata baki. Babu abin da za ta yi ta fita.

Ranar Talatar da ta wuce haƙurina ya ƙare. Na shiga gidanta ko zama ban yi ba, na ce na zo karɓar irin uwata. Ban tausasa murya ba.

Ba ta yi mamaki ba, wannan ma ya ba ni haushi. Ta shiga ɗaki ta fito da gora cike har wuya, an toshe bakinsa da ƙyallen tsohon zanenki mai ruwan bula. Ta ce ranar da na shiga jirgin ruwa zuwa Yelwa neman maganinki, kin dafa danga kin zo da kanki, kin zuba mata rabi a tafin hannu. Wai kin ce, "Ɗiyata na da hannun shuka, amma garaje gare ta. Za ta zubar da nata rana guda. Ki raya wannan, kada ki ba ta sai ta tako da ƙafarta ta tambaya." Ta ce 'ya'yan da take matsewa a cikin goran take tara su. Ta ce, "Na gaji da jiranki, Rabi. Har na fara tsoron in riga ki tafiya."

Kwana uku ina juya maganar. Babu shaida. Ƙyallen zane kowa na iya tsinta, ita da ta yi arba'in tana shiga ɗakinki. Mai wayo na iya shirya labarin da ya fi wannan. Amma kalmar garajen nan, Inna, taki ce. Ba ki taɓa faɗa mini ita a gaban baƙo ba.

Saboda haka yanzu zargin ya dawo kanki. Ashe ina jinyarki, ina juya ki, ina ba ki kunu a baki, ke kuwa kina kallona kina auna ni? Ashe kin fi yarda da maƙwabciya a kan ɗiyar cikinki? Na ji zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya fi zafin shi ne na aikata daidai yadda kika faɗa, ko kwana ban ƙara ba.

Jiya na zazzage goran a faifanki na raba uku. Na shuka kashi ɗaya, ina kallon hadarin da bai gama wucewa ba. Kashi ɗaya na mayar madafa, a ƙusar da kika kafa. Na ukun na ƙulle a ƙyallenki, na zaga bayan danga na sa a hannun Gwaggo Laraba. Har yanzu ban gama yarda da ita ba. Amma na ce mata ko na zo ina kuka kada ta ba ni, sai sanyi ya fara wucewa an ɗaura rumfa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sanyaya makwancinki, Ya yafe mini zaton da na yi wa baiwarSa in har zato ne. Ya raya abin da kika ƙullo daga garinku, ko da ba a hannuna ba.

Ɗiyarki mai garaje,
Rabi