Baba ya ci sha'ir

Maman Dohun,

Ɗan da ya yaudari mahaifinsa don ya daɗe da rai, biyayya ya yi ko cin amana? Har yanzu ban sani ba. Amma mun dawo daga asibiti, sugan Baba ya sauka sosai.

Likita ta tambayi abin da ya canja a abincinsa, na kasa yin ƙarya. Na ce wata uku ke nan ni da ke muna niƙa sha'ir muna zuba masa a kunun safe a ɓoye, tunda ya rantse ba zai ƙara cin abincin zamanin yunwa ba. Na jira faɗa. Sai Baba ya ce, "Kai sakarai, ni da na girma a kan sha'ir, zan kasa gane ƙamshinsa? Surukata nake ragawa."

Na tafi aiki. Ki daina niƙawa, ki jiƙa shi haka nan, kuma don Allah kada ki tsokani Baba.

Kwanonki na shinkafa da sha'ir da kika rufe, kada ki neme shi. Baba ya jawo shi da kansa, ya cinye.

Byung-ho