Zanen da Ke Fuskarka, Baba

Tanut, Talata, 18 ga Oktoba 1927. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, in agogona bai yi mini ƙarya ba. Ina zaune a inuwar rumbunka na gabas, kwana tamanin da uku da kai ka makwancinka.

Baba, ina gaishe ka, ina yi maka fatan rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da ba ka karanta ba, kai da kake ce wa rubutun lakkwal, makarantar Nasara, sawun kaji.

An gama yankan hatsi. Gonar kudu ta yi kyau, ta arewa tsuntsaye sun ci rabonsu. Inna lafiyarta ƙalau, sai dai har yanzu takan dama fura ta mutum biyu kafin ta tuna. Takardata ta gama lakkwal ta iso daga Damagaram, an ce in jira kiran aikin rubutu a bariki. Matata Sa'a kuma ta sauka ranar Laraba, namiji. Gobe suna.

Sunan ne ya zaunar da ni. Gwaggon Sa'a ta dage sai wanzami ya yi wa yaron zanen gidanmu. Tun cikin yana wata shida take faɗi gaban mata wai fuskata ƙwarya ce marar shaida, in ta ɓace a bakin rijiya ba mai cewa tasa ce, kuma ba za a yi mata jika haka ba. Ɗan fari ne, ba ni da bakin magana a kansa cikin mutane. To wane ne zanen gidanmu? Ka hana a taɓa fuskar ko ɗayanmu, ba ka kuma taɓa faɗin dalili ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Lokacin jinyarka, wata rana bayan azahar kana barci, na kwafe zanenka a littafina. Uku uku a gefen idanu. Biyu dogaye a kuncin hagu. Ƙarƙashinsu ɗaya gajere, a karkace, ya kusa shafewa. Ka motsa, na tura littafin ƙarƙashin tabarma kamar ɓarawo. Me ya hana ni tashe ka in tambaya?

Bayan sadakar arba'in na tafi Gangara, inda ka ce ka girma. Na nuna wa wani tsohon wanzami littafin, na ce ina jin na gefen idanun ne na asali, tunda sun fi fitowa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe ɗan lakkwal jikan ciwon ido ne, domin waɗannan tsagar magani ce, ubansa ne ma ya yi maka ita shekarar da idanunka suka kumbura. Baba, saura kaɗan in ce wa Gwaggo su za a yi wa yaron.

Da ya zo kan dogayen biyu sai ya daina dariya, ya shiga goge askarsa. Ya ce na gidan wani maɗugu ne mai kai ayari arewa, amma ba irin wanda ake yi wa 'ya'yan gida ba. Irin na wanda ya shigo hannu ne. Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Gajeren kuwa ya juya littafin sama da ƙasa, ya ce bai san hannun da ya yi shi ba, kuma zanen ya girmi sauran.

Shi ya tura ni Tarka wajen wata tsohuwa da ta yi daka a gidan maɗugun. Ta tuna ka. Ta ce a kan raƙumi aka kawo ka, tsakanin buhunan hatsi, ba ka kai fitar da haƙoran manya ba, ba ka jin Hausa. Akwai kalma ɗaya da kake ta maimaitawa har muryarka ta dushe. Na roƙe ta ta tuno. Ta ce ɗan nan, ita da ke manta inda ta aje goronta? Da yamma ta ce daga gabas aka zo da kai, da safe ta ce daga kudu. Na rubuta duka biyun.

A littafin ƙidayar bariki, wurin sunan uba, sunan maɗugun aka sa maka. Kai ka faɗa, ko tafinta ne ya cike gurbi?

Na daɗe ina jin haushinka a kan fuskata. Yara a lakkwal suna tambayata ko ba a yi mini suna ba ne. Na ɗauka rowa ka yi mana. Yanzu ina jin ba ka da abin ba mu ne sai zanen wanda ya mallake ka, da wani guda da kai ma ba ka san ma'anarsa ba. Ina ji ne kawai, ban tabbata ba.

Yau bayan azahar na sami wanzamin unguwa shi kaɗai, na ce gobe ya yi aski ya tsaya nan, kada aska ta sauka fuska. Inna ta ce in bar mata Gwaggo, ita ma ba a ɗinke bakinta yake ba.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Sunan ubanka, da na uwarka. Garin da aka haife ka, da harshen da ka fara ji. Ko sace ka aka yi, ko yunwa ce ta sa aka ba da kai. Wanda ya yi gajeren zanen, da ko akwai masu irinsa a raye. Kalmar nan da kake kira. Da kuma ko ka manta duk wannan ne, ko kana sane ka yi shiru.

Sunanka za a raɗa wa yaron, shi kam na tabbata da shi. Allah ya sa ka tarar da waɗanda suka san fuskarka tun ba ta da zane ko ɗaya. Sai mun zo.

Ɗanka na biyu,
Habu