Jak Ɗin Desmond

Litinin, 4 ga Maris
Yau muka binne mijina Desmond. A wurin shayin bayan jana'iza, Clive na ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ya tare ni, baki cike da kek, yana fesa min ɓurɓushi. "Maureen, sai haƙuri. Af, jak ɗin motarsa MG ɗin nan yana cikin but?" Ko ƙasar kabari ba ta bushe ba. Tir.

Alhamis, 7 ga Maris
Neville, alƙalin gasarsu, ya zo ta'aziyya. Ko zama bai yi ba ya zarce gareji. Ya jujjuya jak ɗin yana taɓe baki. Wai jan fentin ya cika haske, ba na kamfani ba ne, jabu ne. Wai ƙila a cire sunan Desmond daga kofin da ya ci. Sannan ya sassauta murya: "Kawo in raba ki da shi, kada maganar ta fita." Na ce ya ajiye. Ya bar min shatin baƙin mai a tawul ɗin da nake ajiye wa baƙi.

Asabar, 9 ga Maris
Na kwance naɗin jakar kayan aikin motar. Mushen ɓera a tsakanin guduma da sifanu. Ban iya cin abincin rana ba.

Talata, 12 ga Maris
Ban san me ya kai ni ba. Kananzir, tsohon burushin haƙori, wuni guda a durƙushe ina kankare fentin jak ɗin. Desmond ne ya lafta fentin, aikinsa ke nan kullum, kamar mai shafe katanga. A ƙarƙashi ga tsohon ja mai duhu, ga tambarin maƙera a gindi, harafi ɗaya ya ɗan karkace, yadda ya sha gaya min ina wanke-wanke ba na saurara. Na asali ne.
Na buga wa Clive. Ya yi dariya har da tari. "Ai Neville ya sani sarai. Shekara da shekaru yake farautar irinsa. Ni dai ki tuna ni na riga shi tambaya."
Da waɗannan mijina ya ƙarar da Lahadinsa.

Laraba, 13 ga Maris
Farcena har yanzu baƙi.

Lahadi, 17 ga Maris
Ƙanwata Glenda ta raka ni kasuwar tsofaffin kayan mota a Malvern, don in rabu da tarkacen gaba ɗaya. Taɓo, warin soyayyar albasa, tsofaffi na lasar yatsa suna goge tsatsa. Wani ya miƙo min guduma, wai ta asali. Ƙotar ma ba irinta ba ce, na gaya masa. Glenda ta kalle ni: "Ke kuma yaushe kika kamu?"
Ban sayar da komai ba. Aljihu ɗaya a jakar kayan aikin babu komai a ciki, na ƙaramar sifana. Na ga irinta a wani teburi, da tambarin daidai. Na saya. Don dai jakar ta naɗu da kyau ne.