Takalminki yana cikin tukunya

Ɗiyata,

Na tafi karɓo magani, kina barci ban tashe ki ba.

Maƙwabta suna ta cewa yaronki bebe ne, har abin ya hana ki sukuni. To, ɗazu na same shi yana cusa takalminki na aiki cikin babbar tukunya. Na zauna ina kallon ikon Allah. Ashe ya lura duk ranar da kika sa shi, fita kike yi ki bar shi? Me kuma ya sani da ba mu sani ba?

Ki wanke tukunyar, amma kada ki yi masa faɗa. Da na ɗaga murfin, sai ya dafa gwiwata yadda kike dafa shi a bakin ƙofa, ya buɗe baki ya ce, "Kaka, yi haƙuri."

Innarki