Gayyar Gonar Iya Laraba

Daura,
Farkon watan Yuni.

Zuwa ga aminiyata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya Kaduna, yaya kuma ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna, gero har ya tsiro.

Kin ce in zaɓo wa yaranki, su Anwar, finafinan da za su kalla, tunda kin gaji da na harbe-harbe. Wallahi kin taɓo mini inda nake so. Na zuba guda uku a memori, na ba direban da ke kai miki daddawa.

Na farkon tsohon fim ne na Hausa, hotonsa ma dishi-dishi. Ki daure ki zauna da su har wurin da wata mata take dama fura, aka shigo aka gaya mata an tsare shanun mijinta a kan iyaka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ajiye ludayin ba, sai dai ya rage gudu a cikin ƙwaryar. Tun muna makarantar kwana na kalle shi. Na manta fuskokin 'yan wasan, amma har yau ina ganin ludayin nan. Na biyun na wata ƙasa ce mai teku, wani tsoho ne da jikarsa suke gyaran kwalekwale. Kada ki nemo musu fassararren, mai fassarar ya cika surutu a inda ya kamata a yi shiru. Na ukun kuwa na dariya ne zalla, labarin wani tela ne a jajibirin salla, ya yi wa kowa alkawari. Wannan ba ni da wani dalili, cikina ne kawai yake ciwo don dariya duk lokacin da na kalla.

Na lura duk fim ɗin da ya zauna mini a rai, akwai inda na ga hannun mutum yana aikin da ya iya. Haka nake gaya wa 'yan matan aji biyar da muke zaman kallo da su ranar Asabar a makaranta. To, ashe maganar ta shiga kan ɗaya daga cikinsu, Siddiƙa. Yarinya ce mai shiru, amma in ta yi tambaya sai na je gida na yi tunani. Ta ce tana so ta ɗauki ɗan gajeren fim da waya a kan gayya, domin kakarta Iya Laraba tana ba ta labarin yadda ake yi a da, ita kuwa ba ta taɓa gani ba. Ƙauyensu yana bayan Zango. Za ta roƙi Sarkin Noman garin, Mainasara, ya ba ta 'yan mutane kaɗan su jera a gonar Iya, su yi kamar suna noma, ta ɗauka.

Shugaban makarantarmu, Malam Badaru, ya yarda, amma da ƙyar. Dama can zaman kallon nan bai kwanta masa ba. Ya ce ƙorafi ɗaya ya ji daga iyaye ko daga ƙauyen, ya rufe shi, ba kuma zai sake buɗewa ba. Ki taya mu da addu'a, don yaran nan ba su da wani wurin da ake tambayarsu me suka gani, me suka ji.

Jiya na saya wa Siddiƙa goro mai kyau ta kai wa Sarkin Noma, na ce mata ba a zuwa gaban babba hannu wofi.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Barakatu.

Daura,
Tsakiyar watan Yuni.

Ƙawata Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kowa yana lafiya. Na ji daɗi da kika ce Anwar ya maimaita fim ɗin tela har ya haddace. Ki yi haƙuri da rubutun nan, tafin hannuna duk bororo ne, yanzu za ki ji dalili.

Ranar Asabar muka ɗauki mota da safe, ni da Siddiƙa da ƙawayenta. Tun kafin mu sauka daga kan titi muka fara jin ganga. Na zaci biki ake yi. Da muka karyo kwana sai na ga gonar Iya Laraba baƙi ƙirin da mutane, har da na ƙauyukan da ke kewaye, kowa da hauyarsa, makaɗa suna gefe. Samarin kuwa sun ji ana cewa za su fito a fim, wasu har da baƙin tabarau da sabuwar hula suka zo noma.

Muka tarar da Iya a ƙofar gida ta rafka tagumi. Kunu ƙwarya ɗaya ta dama, don jikarta ta ce mata mutum kaɗan ne. Ita ta fahimtar da ni abin da muka yi. A wurinsu, in aka kai wa Sarkin Noma goro aka ambaci gayya, to an kira gayya ke nan, ba wasa a ciki. Shi kuma ya rarraba goron unguwa-unguwa. Wanda ya kira shi ke ciyarwa, kuma in mutane suka tashi daga gonarka da yunwa, jikokinka ma sai sun ji gorin. Ga shi damina ce, rumbun Iya ya yi ƙasa. Sadiya, ni da na tashi a cikin garin Daura, ina na san wannan? Ni dai ladabi na so yarinyar ta yi.

Na juya ina neman Siddiƙa. Ta riga ta shiga gona tana ɗauka, kuma abin da ke gabanta ya fi duk abin da ta yi mafarki: layin maza daga wannan gefe zuwa wancan, hauyoyi suna tashi suna sauka tare da ganga. Na je na raɗa mata abin da Iya ta ce. Ta tsaya, ta dubi layin nan, ta dubi gidan kakarta. Sai ta kashe wayar, ta jefa mini a jaka, ta ɗaure hijabinta a ƙugu. Ban ce ta yi ba.

Gida-gida ta bi da ƙawayenta, tana durƙusawa tana gaya wa matan gaskiya, cewa kuskurenta ne, ba na Iya ba. Wata tsohuwa ta ce mata 'yar boko mai kiran gayya da cokali, ta yi mata tas, sannan ta shiga ɗaki ta fito da kwanon gero. Haka aka yi ta fitowa da shi. Aka aika ruga aka kawo nono. Turame suka jeru a tsakar gidan Iya, ni ma aka miƙo mini taɓarya. Matan suka yi ta tsokanata, wai Malama tana daka kamar tana tsoron kada geron ya ji ciwo. Kafin azahar fura ta isa gona, bayan la'asar tuwo ya bi. An gama gonar tas, har an taɓa ta maƙwabci.

Ban taɓa jin alfahari da ɗaliba kamar ranar ba. Amma ga inda matsalar take. Samarin sun yi ta waige suna neman mai ɗaukarsu, ba su gan ta ba, na kuma ji wasu suna gunaguni wai an yaudare su. Abin da ke cikin wayar ko shayi ba zai tafasa ba kafin ya ƙare. Shekaranjiya Sarkin Noma ya aiko wa Malam Badaru cewa yana nan tafe da mutanensa ranar Asabar, su ga fim ɗinsu. Malam Badaru ya kira ni ofis, bai yi faɗa ba, ya dai ce in tuna da abin da ya faɗa tun farko.

Na ce wa Siddiƙa ni zan tsaya in yi bayani. Ta ce a'a, ita ta kira su.

Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga Mama da yara.

Taki,
Barakatu.

Daura,
Ƙarshen watan Yuni.

Sadiya tawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ga kiranki jiya, na ƙi ɗauka da gangan, don wannan labarin ba na waya ba ne.

Sun zo. Motar ɗaukar kaya guda suka ciko, Sarkin Noma Mainasara a gaba da babbar riga, samarin a baya, har da Iya Laraba da wasu matan da muka yi daka tare. Ajin da muke kallo bai ɗauke su ba, wasu ta taga suka leƙo. Malam Badaru ya zauna a gaba, fuskar nan ba walwala.

Siddiƙa ta haɗa wayar da talabijin. Aka kunna. Ganga ta tashi, layin hauyoyi ya bayyana. Kin san ni da kallo, amma wallahi ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba. Ashe durƙusawa Siddiƙa ta yi har ƙasa ta ɗauka, kana ganin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana juyawa, dugadugai suna matsawa gaba tare. Mutane sun fara nuna juna ke nan, wannan ƙafar wane ce, wancan wane ne, sai hoton ya karkace, ya ɗauke.

Aka jira. Wani saurayi daga taga ya tambaya ko wuta ce aka ɗauke. Siddiƙa ta fito gaba, ta ce iyakarsa ke nan, ta ba su haƙuri, ta ce ta san da yawansu sun yi kwalliya sun zo ba su ga kansu ba. Ba ta ambaci daka ba, ba ta ambaci goro ba, balle ta ce ni na ba ta. Gunaguni ya fara tashi daga baya.

Malam Badaru ya juya ya tambayi Sarkin Noma ko yana da ƙorafi. Tsohon ya ce ƙwarai kuwa yana da shi. Ya ce shi ya sha furar ranar, ya kuma san hannun da ya daka ta, saboda haka ba ya neman bayanin inda yarinyar ta shiga. Ƙorafinsa shi ne fim ɗin ya yi gajarta. Ya ce ya yi shekaru yana kiran samarin nan gayya suna ce masa suna da aikin acaɓa, sai ga 'yar makaranta ta fito da su da waya ɗaya. Gonarsa ta isa maimai, wato noma na biyu, Asabar mai zuwa za a yi gayyarta, kuma wannan karon gidansa ne zai ciyar. Yarinyar nan ko ludayi kada ta taɓa, ta riƙe wayarta daga farko har ƙarshe. Sannan ya juya wurin masu tabarau, ya ce wanda bai nome kunyarsa har ƙarshe ba a cire shi daga fim ɗin.

Ajin ya kaure da dariya da tafi. Iya Laraba ta rangaɗa guɗa a cikin makarantar gwamnati, ba wanda ya hana ta. Siddiƙa ta rufe fuska da hijabi, ni kuma na fita waje kamar zan duba wani abu, don kada ɗalibaina su ga idona.

Da aka watse Malam Badaru ya tsayar da ni a baranda. Ya ce shi a iya saninsa wannan ba irin ƙorafin da yake nufi ba ne, zaman Asabar ya ci gaba. Na yi godiya na juya, sai ya sake kirana, ya rage murya. Wai shi ma ɗan manoma ne, hauyarsa tana nan a gida, zai zo gonar Sarkin Noma. Amma in gaya wa Siddiƙa ta ɗauke shi ta baya, ta inda tumbinsa ba zai fito ba.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Aminiyarki,
Barakatu.